Bayan An Tashi Taro: Yadda Nake Gane Ko Mun Yi Aiki Ko Shan Shayi Muka Yi

Duk taron da na taɓa shiga hidimarsa, ƙarshensa iri ɗaya ne. Shugaba ya yi jawabin rufewa, a tafa, a ɗauki hoto a bakin zaure, sannan jama'a su riƙa wucewa suna miƙo maka hannu: "Sannunku da ƙoƙari, taro ya yi taro." Kai kuwa ƙafafunka sun kumbura, muryarka ta dishe, babu abin da kake son ji kamar wannan kalma. Sai ka karɓe ta ka tafi gida da ita, ka ɗauka hukuncin taron ke nan.

Shekarar farko da aka ba ni sakataren kwamitin shirya babban taron ƙungiyarmu, haka na yi. Na rubuta rahoto shafi huɗu, rabinsa godiya, rabinsa sunayen manyan baƙi. Da shekara ta zagayo, ina tsaye a teburin rajista, sai wata dattijuwa cikin tsofaffin mambobinmu ta jawo ni gefe. Ta zaro sanarwar bayan taron bara daga jakarta, a ninke gida huɗu, har ninkin ya fara yagewa. Ta ce, "Ɗana, ƙudurori bakwai ɗin nan da muka tafa wa, wanne aka yi?" Na ce, "Mama, zan bincika." Na kuwa bincika. Ɗaya aka fara, shi ma ba a gama ba. Layin rajistar da nake tsaye a gabansa kuma ya miƙe har waje, daidai yadda ya yi bara.

Tun daga ranar nake sa bita cikin jadawalin taro, da ranarta da wanda zai yi ta, kamar yadda ake sa jawabin buɗewa. Ga yadda nake yi.

Ka fara nemo ma'auninka

Kafin ka tambayi kowa komai, ka ɗauko takardar da aka rubuta dalilin kiran taron. In an rubuta cewa ana so a zaɓi sababbin shugabanni, a amince da kasafin kuɗi, a kuma koya wa mambobi wata sabuwar hanyar aiki, to da waɗannan ukun za ka auna. Cikar zaure ba ta cikinsu. Zuwan babban baƙo ma ba ya cikinsu, sai in dama shi aka sa a gaba.

Sau da yawa za ka tarar ba a rubuta komai ba, an kira taro ne don lokacinsa ya yi. In haka ta faru, ka ba kowane ɗan kwamiti ƙaramar takarda, ya rubuta abu uku da yake ganin don su aka taru, ba tare da ya leƙa ta wani ba. Ranar da muka gwada wannan, ma'aji ya rubuta tara kuɗin shekara, shugaba ya rubuta ɗaga sunan ƙungiya, mai kula da horo ta rubuta koyarwa. Kowa taronsa daban ya shirya a zaure ɗaya. Wannan shi ne abu na farko da ya shiga rahotonmu na wannan shekarar.

Zaman daren da aka tashi

Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Kafin a kwashe kujeru, ka tara waɗanda suka yi hidima, na minti ashirin ko talatin. Kowa ya gaji, na sani, kuma za a ce a bari sai mako mai zuwa. Kada ka yarda. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya wallafa a 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu, daga baya take sassautawa. Abin da yake tsira bayan mako guda shi ne "an ɗan sami matsala da lasifika". Abin da kake buƙata kuwa shi ne "makirufo na hannu ya mutu ƙarfe goma sha ɗaya da kwata, batir ne, kuma na ajiya yana cikin motar da aka aika ɗauko baƙo".

Tsarin da nake bi na sojojin Amurka ne, wanda suka fara amfani da shi tun shekarun 1970 bayan atisaye, daga baya asibitoci da 'yan kwana-kwana da kamfanoni suka ara. Tambaya huɗu ce kacal. Me muka shirya ya faru? Me ya faru a zahiri? Me ya kawo bambancin? Me za mu riƙe, me za mu canja?

Waɗanda suka fi sanin amsa ba su ne suka zauna a babban tebur ba. Ka kira yaran da suka tsaya a ƙofa, da mai kula da na'urar sauti da majigi, da mai raka baƙi masauki, da mai tafinta in an yi tafinta. Ƙarami ya fara magana, shugaba ya zo ƙarshe. In shugaba ya riga ya ce komai ya tafi daidai, babu yaron da zai buɗe baki ya ce ba haka ba. Sannan ka kafa sharaɗi tun farko: ana faɗin abin da ya faru, da inda ya faru, da lokacin, ba a kiran sunan mutum da laifi. Laifi tudu ne, kowa nasa yake takewa ya hango na wani, kuma da zarar zaman ya koma shari'a, kowa zai shiga kare kansa, gaskiya ta ɓuya.

Tambaya ta uku ita ce mai wuya, don amsar farko kusan kullum ta sama-sama ce. Kamfanin Toyota ya shahara da wata dabara da injiniyansa Taiichi Ohno ya yaɗa: ka tambayi "me ya sa" sau biyar a jere. Mun gwada ta a kan layin rajistarmu. Me ya sa layi ya yi tsawo? Masu rajista suna daɗewa kafin su gano suna. Me ya sa? An jera sunayen ne bisa wanda ya riga biya, ba bisa haruffa ba. Me ya sa? Daren jajiberi aka buga takardar, babu lokacin sake jera ta. Me ya sa? Har wannan daren ana karɓar sababbin sunaye. Me ya sa? Ba mu taɓa sa ranar rufe rajista ba. Shekara biyu muna ƙara mutane a teburin, muna ganin ƙarancin hannu ne, ashe layi ɗaya ne ya ɓace a takardar gayyata.

Abin da agogo da ƙidaya suke faɗa

Wannan sai an shirya shi tun kafin taro. Ka ba mutum ɗaya kwafin jadawali da biro, aikinsa kawai ya rubuta ainihin lokacin da kowane zama ya fara da lokacin da ya ƙare, a gefen wanda aka tsara. Ya kuma ƙirga kawuna a kowane zama, minti goma bayan an fara. In ba ka yi haka ba a wannan karon, hotunan waya za su cece ka, don kowane hoto yana ɗauke da lokacin da aka ɗauke shi, kuma kujerun da babu kowa suna fitowa a ciki.

Takardar nan ba ta jin kunyar kowa. Ita ta nuna mana cewa bikin buɗewa da aka ba minti arba'in ya ci sama da awa biyu, kuma lokacin tambaya da amsa aka yanka don a cike giɓin, wato daidai wurin da mahalarta suke da bakin magana. Ka kwatanta adadi uku: waɗanda suka yi rajista, waɗanda suka zo, da waɗanda suka kai zaman ƙarshe. Tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku ta fi duk wani yabo faɗin gaskiya.

Takardar jin ra'ayi

A nan mutane suka fi ɓata ƙarfinsu. Za ka ga fom mai tambaya talatin, an raba shi a bakin ƙofa lokacin da kowa yake neman hanyar gida. Nawa ba ya wuce tambaya takwas, kuma ina raba shi kafin zaman ƙarshe, mai sanarwa ya ba jama'a minti biyar suna zaune su cika. In ta intanet ne, da Google Forms ko makamancinsa, a tura a ranar ko washegari, a tuna wa mutane sau ɗaya, a rufe bayan mako guda. Kada a nemi suna. Wanda yake son a kira shi zai rubuta lambarsa da kansa a gurbin da ka bari.

Dalilin raba shi kafin rufewa ya wuce gudun watsewar jama'a. Masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun yi wani gwaji da aka wallafa a 1993. An sa mutane su tsoma hannu cikin ruwan sanyi mai digiri 14 a ma'aunin Celsius na sakan 60. A wani zagayen kuma aka sa su yi sakan 60 ɗin, aka ƙara musu sakan 30 ana ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka tambaye su wanne za su maimaita, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, duk da wahalarsa ta fi yawa, saboda ƙarshensa ya fi sauƙi. Mutum yana tuna abu ne da ƙololuwarsa da kuma ƙarshensa. Jawabin rufewa mai daɗi yana iya wanke kwana biyu na rashin tsari a zuciyar mahalarta, kai kuma rashin tsarin kake son ganowa.

Game da tambayoyin da ake ba maki, ma'aunin mataki biyar da wani masani Ba'amurke, Rensis Likert, ya fito da shi a 1932 ya isa, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai". Amma ka kula da yadda kake gina tambayar. "Zaure da masauki sun yi kyau" tambaya biyu ce ka cusa a ɗaya. Wanda ya ji daɗin zaure ya sha wahalar masauki, me zai zaɓa? "Yaya ka ji daɗin ƙasaitaccen jawabin babban baƙo?" kuwa ka riga ka ba shi amsa a baki. Ka tambayi kowane zama da sunansa, ka kuma bar gurbin "ban halarta ba", in ba haka ba mutane za su ba da maki ga abin da ba su gani ba.

Akwai wata tambaya da ta yi suna tun da wani masanin harkar kasuwanci, Fred Reichheld, ya gabatar da ita a 2003: daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar ka ba abokinka shawarar ya zo? Masu ba da 9 da 10 su ne magoya baya, masu 7 da 8 'yan ba-ruwanmu, daga 6 zuwa ƙasa masu kushe. Sai a cire kason masu kushe daga kason magoya baya. A ce mutum 100 suka amsa, 50 magoya baya, 30 'yan ba-ruwanmu, 20 masu kushe, makinka 30 ke nan. Tana da amfani in kana yin taro iri ɗaya duk shekara kana son kwatanta bana da bara. A taron mutum ashirin ba na yin ta, don mutum biyu kawai suka canja ra'ayi makin zai yi tsalle, ka ɗauka wani babban abu ya faru.

Tambayoyin da suka fi ba ni abin riƙewa guda biyu ne, kuma ba su da maki. Wane abu ɗaya za ka yi daban a aikinka saboda wannan taron? In da za a cire abu ɗaya daga jadawalin, wanne za ka cire? Ta biyun tana buɗe bakin masu kunya. Mutumin da ba zai taɓa rubuta cewa wani jawabi ya gundure shi ba, zai iya rubuta sunan zaman ba tare da ya ji ya ci mutuncin kowa ba.

In takardu sun dawo, ka fara ƙirga su. Mutum ɗari biyu suka zo, talatin suka amsa, to ra'ayin talatin kake riƙe da shi, kuma ka rubuta haka a rahoto. Galibi masu tsananin jin daɗi da masu tsananin ɓacin rai ne suke ɗaukar biro. Ni ina baza takardun a ƙasa, ina tara masu magana ɗaya wuri guda: na sauti nan, na lokaci can, na masu jawabi gefe. Tulin da ya fi tsayi shi ne aikinka. Za ka kuma ci karo da takarda ɗaya mai zafi da za ta hana ka barci. Ka ajiye ta kwana biyu, ka sake karantawa, ka tambayi kanka ko akwai abin da ya faru da gaske a ƙarƙashin zafin. Sau da yawa akwai.

Waɗanda fom ba ya kaiwa gare su

Wanda ya tafi da tsakar rana bai cika fom ba. Wanda ya yi rajista bai zo ba ma haka. Ka ɗauki waya ka kira biyar daga kowane rukuni, ka gaishe su, ka ce ba tuhuma ba ce, so kake ka gyara. A irin wannan kiran wani mamba mai keken guragu ya gaya mini cewa ya zo, ya tarar an mayar da zaman da ya fi so bene na biyu, babu lif, ya zauna a mota na ɗan lokaci ya juya. Babu fom ɗin da zai gaya mini wannan, kuma har yau ina jin nauyinsa. Tun daga nan, kafin mu kama kowane zaure sai wani ya bi hanyar daga ƙofar waje har kan dandamali da banɗaki, yana duba matakala.

Masu gabatar da maƙala ma ka tambaye su: an sanar da su lokacinsu da wuri? An gaya musu su waye masu sauraro? Masu ɗaukar nauyi kuma a rubuta musu godiya cikin mako guda, a tambaye su ko an cika abin da aka yi musu alkawari.

Kuɗi ba ya son jinkiri. Cikin mako biyu duk rasit su shigo hannun ma'aji, a jera abin da aka kasafta gefe da abin da aka kashe, layi-layi. Duk layin da ya zarce da yawa a rubuta dalilinsa cikin jimla ɗaya. A raba jimillar kashewa da yawan waɗanda suka zo, a ga abin da kowane mutum ya ci. A kuma biya duk wanda yake bin bashi kafin a ce an rufe littafi.

Wata uku bayan nan

Nan ne amsar tambayar dattijuwar nan take. Donald Kirkpatrick, wani malami Ba'amurke, ya shimfiɗa matakai huɗu na auna horo a rubuce-rubucensa na 1959: ko mutane sun ji daɗi, ko sun koyi wani abu, ko aikinsu ya canja, sannan ko an ga sakamako. Duk abin da na faɗa a kan fom yana matakin farko ne, ya ɗan taɓa na biyu. Mafi yawan masu shirya taro nan suke tsayawa, don nan ne mai sauƙi, nan ne kuma yabo yake. Mataki na uku da na huɗu ba sa bayyana sai an koma bakin aiki.

Saboda haka, cikin kwana uku da tashi, ka mayar da kowane ƙuduri layi ɗaya mai gida uku: me za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe. A gidan "wa" sunan mutum ɗaya za a sa. In ka rubuta "kwamiti" ko "dukkan mambobi", ka rubuta babu kowa ke nan. Ƙudurin da aka rasa wanda zai ɗauka, ka faɗa a fili cewa ba shi da mai shi, shugabanni su nemo masa ko su janye shi. Ƙudurorin da suka fara da "taro ya yi kira ga" sun fi kowanne saurin mutuwa. Ka tambaya wa zai kai kiran, a rubuce ko da baki, kuma wace rana.

Ranar da wata uku suka cika, ka buɗe takardar, ka bi layi-layi: an yi, ana kai, ba a taɓa ba. Sannan ka kira mutum goma ko sha biyar cikin mahalarta, waɗanda ka zaɓo ba tare da duba fuska ba, misali kowane suna na goma a takardar rajista. Tambaya ɗaya za ka yi: "Tun da muka rabu, akwai abin da kika yi daban saboda taron nan?" In ta ce taron ya yi kyau sosai, ka gode mata, ka sake tambaya a hankali, wane abu ta yi. Wata za ta ce ta canja yadda take ajiye bayanan aikinta. Wani zai ce ya haɗu da wanda suke aiki tare yanzu, a lokacin hutu, ba a cikin zaure ba. Da muka ji irin wannan amsa ta maimaitu, sai muka tsawaita hutu muka rage jawabai.

Ƙaramin zaman ofis na mako-mako ba ya buƙatar duk wannan. Minti uku na ƙarshe sun isa: me muka yanke, wa ya ɗauki me, akwai wanda yake da magana bai samu faɗa ba? In an yi mako uku a jere ba a yanke komai ba, a duba ko saƙon waya zai iya maye gurbin zaman.

Rahoton kansa kada ya wuce shafi biyu, in ba haka ba babu mai karantawa. Manufofin taro da matsayin kowacce a sama, adadin mahalarta da na waɗanda suka amsa fom, lissafin kuɗi a taƙaice, sannan abin da za a riƙe, abin da za a gyara, da abin da za a daina. Na ƙarshen nan shi ne ake jin nauyin rubutawa, don kowane zama akwai mai shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka je ka sami mutumin kai da shi kafin ya gani a takarda, ka nuna masa ƙidayar kujerun.

Mahalarta su ma suna da haƙƙin jin abin da aka yi da maganarsu. Ɗan gajeren saƙo ya wadatar: kun ce lokacin tambayoyi ya yi kaɗan, baɗi za a ba shi awa guda, kun ce na baya ba sa ji, za a ƙara lasifika a tsakiyar zaure. Wanda ya ga an yi aiki da abin da ya rubuta, zai sake rubutawa baɗi, kuma zai fi faɗin gaskiya.

Sauran kayan duka, jadawalin da aka yi wa rubutun biro, fom ɗin da aka cika, rasit, lambobin masu haya, takardar ƙudurori da alamar da aka yi wa kowanne, su shiga fayil ɗaya, na takarda da na kwamfuta. A zaman farko na sabon kwamiti, kafin a fara maganar zaure ko babban baƙo, sakatare mai barin gado ya miƙa fayil ɗin hannu da hannu, a karanta shafi biyun nan da ƙarfi kowa yana ji, sannan a ɗauko kalanda a sa ranar rufe rajista.